Haƙuri Ba Ya Hana Mai Ciwon Daji Shan Maganin Raɗaɗi

Edita,

Assalamu alaikum. Mu likitoci ne da ma'aikatan jinya da ke kula da masu ciwon daji, musamman waɗanda cutar ta yi nisa a jikinsu. Muna roƙon a ba mu fili mu yi magana da iyalai da malaman addini, da abokan aikinmu su ma.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna sama da mutum 120,000 ne ke kamuwa da ciwon daji a Najeriya a shekara, kusan 80,000 kuma suna rasuwa. Yawancinsu ba sa zuwa asibiti sai cutar ta ci jiki, kuma cikin waɗanda ta kai wannan mataki, kusan biyu cikin uku suna fama da raɗaɗi. Mafi yawan wannan raɗaɗi ana iya kwantar da shi da magunguna marasa tsada. Duk da haka mutane na kwana suna juyi a kan tabarma. Ƙarancin magani na cikin dalilai, amma akwai wani dalilin da ke hannunmu: mun mai da "yi haƙuri" abin toshe bakin majinyaci.

Ka tambayi mara lafiya ya jiki, zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da kwanansa uku bai runtsa ba. Tarbiyya ce, kuma amsar gaisuwa ce. Kuskuren shi ne likita ko mai jinya ya ɗauke ta a matsayin rahoton ciwo. In an gama gaisawa sai a sake tambaya ta wata hanya. A ɗaga hannu a ce: dunƙulallen hannu babu ciwo, yatsa biyar ciwon da ba a taɓa jin irinsa ba, yanzu yatsa nawa kake? A tambayi inda yake, da irinsa: zugi ne, suka ce, ƙuna ce, murɗa ce, ko kamar wutar lantarki ke bin ƙafa? A tambaya ko ya hana barci, ko ya hana ruku'u da sujada. Dattijon da ba zai taɓa cewa yana shan wahala ba zai gaya maka cewa sati biyu ke nan a zaune yake salla. Matar da ke jin nauyin magana gaban surukarta ko mijinta a keɓe da ita. Kuma abin da majinyaci ya faɗa shi ne ma'auni, ba abin da fuskarsa ta nuna ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Faɗin ciwo ba rashin tawakkali ba ne. Annabi Ayyub, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya ce wa Ubangijinsa cuta ta shafe shi, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya aya ta 83. Buhari ya ruwaito Manzon Allah (SAW) da kansa ya ce "wayyo kaina" a rashin lafiyarsa, ya kuma gaya wa Abdullahi ɗan Mas'ud cewa zazzaɓinsa kamar na mutum biyu ne. Shi ne kuma ya ce bayin Allah su nemi magani. 'Yan'uwanmu Kirista suna da labarin Ayuba, suna kuma da Yohanna sura ta 9, inda aka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba ne. Abin da addini ya hana shi ne fushi da hukuncin Allah, ba gaya wa likita inda ke zafi ba.

Wata likita Baturiya, Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu jinyar ƙarshe a Landan a 1967, ta lura cewa raɗaɗin mai ciwon daji ba na jiki kaɗai ba ne. Akwai na zuciya, akwai na damuwar iyali da kuɗi, akwai na tambayar da mutum ke yi tsakaninsa da Mahaliccinsa, kuma duk suna ƙara wa juna ƙarfi. Wannan ba zancen lallashi ba ne. Saƙon ciwo yana bi ta lakar baya zuwa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa kuma tana iya rage shi ko ta ƙara shi. Tsoro da rashin barci da kaɗaici suna ƙara shi. Natsuwa da barci da samun mai saurare suna rage shi. Nan imani ke shigowa, sai dai ba kowane irin tunani na addini ke taimako ba. Masu bincike, irin su Kenneth Pargament a Amurka, sun rarrabe tsakanin wanda yake jin Allah na tare da shi a cikin jarrabawa da wanda yake jin azaba ce aka saukar masa ko an yi watsi da shi. Na farkon ya fi jure jinya. Na biyun ya fi shiga ƙunci. To masu zuwa dubiya su auna bakinsu. "Allah ya sa kaffara ne" addu'a ce mai kyau. Amma "ki binciki kanki, ko akwai wanda kika zalunta," ko "wannan jifa ne, kishiya ce," ƙarin ciwo ne aka kawo a madadin lemo. An bar mara lafiya da zargin kansa ko ƙiyayyar wani, ya kwana da su bayan kowa ya watse.

Yanzu maganin. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku. Ciwo mara tsanani, farasitamol: giram 1 kowane awa 6, kada a wuce giram 4 a kwana ɗaya, a rage wa wanda ya rame sosai ko mai ciwon hanta. Ana iya haɗawa da ibufurofen ko diklofenak bayan an ci abinci, amma waɗannan suna cin ciki suna taɓa ƙoda, don haka ba na mai gyambon ciki ba ne, ko mai ciwon ƙoda, ko mai zubar jini, kuma ba a shan biyu daga cikinsu tare. Ciwo matsakaici, kodin ko taramadol. Taramadol ba ya wuce miligiram 400 a kwana, in an wuce yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ciwo mai tsanani, mofin na sha. Wanda ya zo da yatsa biyar ba sai an bi da shi hawa-hawa ba, likita na iya fara masa da mofin kai tsaye. Duk waɗannan adadi mun kawo su ne don iyali su fahimci abin da aka rubuta musu, ba don a je kemis a haɗa wa kai ba.

Babban mutum da bai taɓa shan mofin ba akan fara masa da miligiram 2.5 zuwa 5 kowane awa 4, domin aikinsa a jiki bai wuce awa huɗun ba. Nan ne aka fi yin kuskure. Iyali sai su jira ciwo ya taso, majinyaci ya fara nishi, sannan a ɗauko kwalba. Maganin sha yana ɗaukar kusan rabin awa kafin ya kama, kuma ciwon da aka bari ya yi ƙarfi ya fi wuyar saukarwa. Mafi muni, mutum ya koyi cewa ciwon zai dawo, sai ya zauna yana jiransa cikin fargaba. Ana sha ne da agogo, ko ana jin ciwo ko ba a ji: ƙarfe 6 na safe, 10, 2 na rana, 6 na yamma, 10 na dare, 2 na dare. Wasu likitocin sukan ninka na ƙarfe 10 na dare don kada a tashi mutum cikin barci.

Kada a ɗaura shan magani a kan lokutan salla, ko da yake hakan ya fi sauƙin tunawa. Tsakanin Asuba da Azahar akwai kusan awa takwas, tsakanin Magariba da Isha kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. Mai bin wannan zai sha wuya da hantsi, ya tara magani a jiki da dare. A sa ƙararrawar waya. A auna da sirinji mara allura, ba da cokalin shayi ba, don cokula sun bambanta. A kuma karanta takardar jikin kwalba duk lokacin da aka karɓo sabuwa, saboda ƙarfin haɗin ba ɗaya ba ne: akwai mai miligiram 5 cikin mililita 5, akwai wanda ya ninka shi sau goma.

Bayan na agogo akwai na ko-ta-kwana, wanda ake sha in ciwo ya ɓallo tsakanin lokuta. Yawansa kashi ɗaya cikin shida ne na abin da ake sha a kwana. Mai shan miligiram 5 sau shida yana shan 30 ke nan, na ko-ta-kwanansa 5. In ya buƙaci wannan ƙari sau uku ko fiye a rana, na agogon ya yi kaɗan. Likita zai haɗa 30 da 15 na ƙarin nan uku ya zama 45, ya raba shida, ya koma 7.5 kowane awa 4. Ana kuma shan ƙarin rabin awa kafin wankin gyambo, ko wanka, ko doguwar tafiya a mota zuwa asibiti.

Mofin yana ɗaure ciki, kuma wannan ba ya wucewa da sabo. Duk wanda aka rubuta wa mofin a rubuta masa maganin sakin ciki, bisakodil ko sena, tun ranar farko, a yawaita ruwa, a ba shi gwanda da miyar kuɓewa in yana iya ci. Kwana uku babu bayan gida a gaya wa likita. Majinyata da yawa sun daina mofin a ɓoye saboda wannan kaɗai, kunya ta hana su faɗa. Tashin zuciya da gyangyaɗi kuwa na 'yan kwanakin farko ne, sukan lafa. Alamar maganin ya yi yawa ita ce mutum ya kasa farkawa in an tashe shi, numfashinsa ya sauka ƙasa da 10 a minti, ƙwayar idonsa ta tsuke, jiki na fizga. A tsai da maganin a tafi asibiti. Akwai allurar naloksan da ke warware shi. Mai ciwon ƙoda ya fi shiga wannan haɗari domin jikinsa ba ya fitar da maganin da wuri. Wanda ya daɗe yana sha ba ya yankewa dare ɗaya, a hankali ake ragewa. Kwalbar kuma a kulle ta, ba don yara ƙanana kawai ba.

Mun san abin da ke ran mutane. Bala'in shaye-shaye ya sa gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, kuma kowace unguwa ta san abin da taramadol ya yi wa matasanta. Sai uba ya ce ba za a mai da shi ɗan ƙwaya da tsufansa ba. Amma mai shan mofin a kan ƙa'ida saboda ciwon daji ba maye yake nema ba, kuma kamu irin na 'yan ƙwaya ba kasafai yake faruwa gare shi ba. Malamai da dama sun halatta shi bisa larura da umarnin likita, kamar yadda aka halatta allurar barci a ɗakin tiyata. Masu cewa mofin maganin sallama ne, da an fara shi sai mutuwa, sun ga waɗanda aka hana shi ne har kwanakinsu na ƙarshe. A wani bincike da aka buga a 2010 a kan masu ciwon dajin huhu 151 a birnin Boston na Amurka, waɗanda aka fara wa kulawar sauƙaƙa wahala tun da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, kuma sun rayu wata 11.6 a tsakaice, sauran kuwa 8.9. Ga mai ibada ma, wanda ciwo ya sake shi shi ke iya tara hankalinsa a salla.

Abokan aikinmu kuma, a rage dogaro da allurar fentazosin, wadda aka fi sani da fenta. Aikinta gajere ne, ƙarfinta na da iyaka, yawan yin ta yana ɓata tsoka ya bar gyambo, kuma in aka yi wa wanda ke kan mofin tana iya kore aikin mofin ɗin ciwo ya dawo sabo.

Ba kowane ciwo mofin ke gamawa da shi shi kaɗai ba. Mai ƙuna ko kamar lantarki na jijiya ne, akan ƙara amitiriftilin miligiram 10 zuwa 25 da dare, ko gabafentin, kuma sukan ɗauki kwanaki kafin a ga aikinsu. Ciwon ƙashi, wanda sankarar mama da ta mafitsarar maza suka fi kawowa, gashi da na'ura ko da zama ɗaya ne yana rage shi ga kusan shida cikin goma. Gyambo mai wari a wanke shi da ruwan gishiri, ƙaramin cokali biyu a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a daka ƙwayar metronidazol a barbaɗa. Warin nan shi ke raba mace da mutane ya hana ta zama cikin 'ya'yanta, kuma cikin kwana biyu zuwa uku yakan ragu.

Yarda da kai, wato mutum ya ji cewa akwai abin da zai iya yi game da ciwonsa, ba hali ba ne da ake haifar wasu da shi. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi bayaninsa a 1977, ya nuna babban tushensa shi ne mutum ya gwada abu ya ga ya yi nasara. Kallon wani irinsa da ya iya yana biye, kalaman ƙarfafawa suna baya. Don haka "ka daure, kai namiji ne" ba ta gina komai. Abin da ke ginawa shi ne a ba shi littafi, shi ko wanda ya amince da shi, ya riƙa rubuta lokacin sha da yawan yatsun ciwo kafin sha da bayan awa ɗaya. Ranar da ya ga huɗu ta koma ɗaya da idonsa, fargaba ta ragu. A bar masa ikon cewa yanzu ina son na ko-ta-kwana, kada ya zama sai ya roƙa an yi shawara. A tambaye shi abu ɗaya da yake son komawa yi, zama a ƙofar gida bayan La'asar ne ko kai kansa banɗaki, a tsara magani a kan haka. Ranar da ya ji dama kada ya kwashe aikin sati a yini ɗaya, gobe zai kwanta. A yi kaɗan a huta tun ciwo bai taso ba. In da hali a haɗa shi da wani da ya bi wannan hanya yana nan da ransa. Kuma kada a karɓe masa komai don tausayi. Magidancin da aka daina shawara da shi a kan kuɗin makarantar 'ya'yansa ya san an fara lissafi ba da shi ba.

Cikin rabin awar da ake jiran magani ya kama, a koya masa jan numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya saki a hankali yana ƙirga shida, kafaɗu a sake. Mai carbi ya ja ƙwaya ɗaya da kowane numfashi. Muslim ya ruwaito cewa Usman ɗan Abil As ya kai kukan wani ciwo, Annabi (SAW) ya ce ya ɗora hannu a wurin, ya ce Bismillah sau uku, sannan sau bakwai ya nemi tsarin Allah da ikonsa daga sharrin abin da yake ji da abin da yake tsoro. Addu'ar ta haɗa ciwon da tsoronsa, kuma da hannunsa mutum ke yi. Tsumma mai ɗumi da tausa a hankali suna taimakawa, ban da kan ƙari, wato ƙullutun dajin kansa, ko fatar da aka yi wa gashi.

Damuwar tsarki tana cin majinyata fiye da yadda ake zato. Mai robar fitsari, ko jakar bayan gida a ciki, ko gyambo mai tsatsafa, sai ya bar salla don yana ganin ba ta karɓuwa, ya kuma riƙa jin ya yi nesa da Allah a lokacin da ya fi bukatarsa. Fiƙihu ya gama da wannan tuntuni: akwai hukuncin mai yoyon fitsari, akwai shafa a kan bandeji, akwai taimama, akwai hadisin Imrana ɗan Husaini na salla a tsaye, ko a zaune, ko a kishingiɗe. Buhari ya kuma ruwaito cewa bawa in ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Malamin da ya zauna minti goma ya warware wa majinyaci waɗannan ya yi abin da allura ba ta yi. Haka azumi: mai shan magani kowane awa 4 ba zai iya ba, aya ta 184 da 185 ta Baƙara kuma sun ba shi rangwame, sai dai ya fi son jin haka daga bakin malami, ba nas ba.

Tofi da rubutu da zamzam da zuma ba mu da ja a kansu, muddin ba a ce a ajiye na asibiti ba. Abin da muke ja da shi shi ne tsaga da sakiya da ƙaho a kan ƙari, da shafa masa abu mai cin fata, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ga mai hanta ko ƙoda da ta riga ta raunana. Zancen cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe ya hana mata da yawa gwajin tsoka a lokacin da ƙullutun bai fi gyaɗa ba.

Iyalai kan roƙe mu kada a gaya masa. Yawanci ya riga ya sani, yana ganin ramarsa, yana jin ana yin shiru in ya farka. Ba dole a zube masa komai ba. A tambaye shi me ya fahimta, me yake son sani, a tsaya inda ya tsaya. Mai bashi ko amana ko wasiyya ko wanda yake son neman gafararsa yana da haƙƙin samun lokaci. Wanda kuma ya yi sati biyu ko fiye ba abin da ke faranta masa, ba ya son ganin kowa, yana cewa gara ya mutu, ba raunin imani ba ne, ciwon damuwa ne mai magani, a faɗa wa likita.

Abu uku ba a kwana da su a gida. Sabon ciwon baya tare da nauyin ƙafa, ko dindiris, ko riƙewar fitsari: mai yiwuwa ƙari ne ke danne laka, in aka wuce kwana ɗaya ko biyu ƙafa na iya tafiya ba dawowa. Zazzaɓin da ya kai 38 ga wanda ake yi wa kemo, wato maganin daji da ake ɗaurawa ta jijiya, musamman kwana 7 zuwa 14 bayan an ɗaura: garkuwar jiki ta faɗi, kada a rufe shi da farasitamol. Ruɗewa da sambatu tare da ƙishirwa da ɗaurewar ciki: kafin a ce iska ce ta taɓa shi, a auna sinadarin kalsiyam a jininsa, domin yawansa na kawo haka kuma ƙarin ruwa da magani na saukar da shi.

Ga ma'aikatun lafiya na jihohi: Yuganda ta fara haɗa mofin na sha daga gari a 1993 ta hannun Dakta Anne Merriman, a 2004 kuma ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, shi ya sa yake isa ƙauye. A nan, mai jinya yakan yi tafiyar yini zuwa asibitin koyarwa saboda kwalba ɗaya. Muna roƙon kowane babban asibiti na jiha ya samu mai harhaɗa magani da aka horar a kan haɗa shi da ajiye lissafinsa, da nas aƙalla biyu da suka san auna ciwo, a kuma shirya wa limamai da fastocin da ke shiga ɗakunan marasa lafiya bita ta yini ɗaya a kan abubuwan da muka zayyana.

Wassalam.

Daga wasu likitoci da ma'aikatan jinya masu kula da masu ciwon daji.